Ɗan Yatsan Maƙwabci

A gidanmu ni ake kira Rediyo, kuma Baba ne ya raɗa mini. Ya ce tun ina ƙarama, in kofi ya faɗi a kicin, kafin ya gama fashewa na kai labari ƙofar gida. Ban taɓa jin haushin sunan ba, don gaskiya ne, cikina ba ya ajiya. Shi ya sa abin da iyayena suka daɗe suna yi a gaban idona, ni ce ta ƙarshen sani.

Baba baduku ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matattakalar wani bene, kullum yana warin fata da gam. Takalmi sau-ciki yake ɗinkawa da hannu, ga basilla, ga guduma, ga ƙafafun katako jere a kan kanta waɗanda yake ɗora fata a kai. In ka ga ya auna ƙafar mutum da tef, don kada a ce bai auna ba ne. Kallo ɗaya yake yi maka kana shigowa ya san inda takalminka ke cizonka. In an yaba masa sai ya ce, “Ido ba mudu ba, amma ya san kima.”

Mama kuwa Gwamnati yake ce mata, saboda in ta kafa doka ba ta janyewa. Ta taɓa cewa ba za ta ƙara taka shagon wani mai kayan miya ba don ya ɗaga mata murya. Mutumin ya tashi, shagon ya koma wurin aski, amma har yau in ta zo daidai wurin sai ta tsallaka titi.

Shekarun baya babban ɗan yatsan ƙafar Baba ta dama ya kumbura, ya yi jawur yana sheƙi, ko zanin gado ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Likita ya ce sunan ciwon gawut, wani abu ne ke taruwa a jini ya daskare a gaɓa kamar garin kwalba, kuma jan nama da hanta da ƙoda suna tsokano shi. Da aka samu sauƙi, Mama ta tsaya a tsakiyar falo ta yi sanarwa.

“Malam, wannan karon na yafe. Amma ranar da na sake ganin yatsan nan a kumbure da idona, kai da nama kun yi sallama, a gida da waje.”

Sai ka san Baba za ka san nauyin wannan magana. Kullum da yamma yakan rufe shago rabi, ya fito benci shi da amininsa mai gyaran agogo, wanda muke ce wa Kawu Mai Agogo. Su sayi gasasshen nama a takarda, su sa a tsakiya, suna ci suna gardama a kan ƙwallo da tsadar zare da wanda ya fi tsufa a cikinsu. Dariyar Baba daga bencin nan har bakin titi ake jinta. Ƙorafinsa ɗaya a duniya shi ne mai naman, wai duk lokacin da ya je sai ya ce masa hanta ta ƙare.

Tun daga ranar sanarwar, yatsan Baba bai sake kumbura ba. Haka dai aka ce. Sai dai ya koma sa safa a cikin gida ko ana zafi kamar a tanda, wai tayil na yi masa sanyi.

Bari in gaya muku abin da ban sani ba a lokacin. Yatsa yana kumbura abinsa. Shi ma Kawu Mai Agogo yana da ciwon, sai dai shi yana zuwa asibiti, likitansa na rubuta masa wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira kolcisin. Yana ajiye su a gwangwani ɗaya da batiran agogo, kuma duk lokacin da Baba ya zo yana taka ƙasa kamar mai tsoron ta fashe, sai ya tsakura masa. Shi kuma Baba ya liƙa ɗan ƙullutun fata a jikin ƙafar katakonsa, ya ɗinka wa kansa takalmin da na dama ya fi na hagu faɗi. Ya yi aikin da gwaninta, in ba tafi da tafi ka haɗa su ba, ba za ka gane ba.

Ana nan sai tari da zazzaɓin da ke yawo a gari suka kama Baba. Da yake ni ce mai mota, ni na kwashe su zuwa asibiti da safe, kowa da takunkumin fuskarsa. Aka yi gwaji, aka ɗebi jini. Likitar ta ce ƙwayar bairos ce, kuma saboda shekarunsa za ta ba shi maganin da ke daƙile ta tun ba ta sauka ƙirji ba. Tana rubutu ta tambaye shi, “Baba, akwai wani magani da kake sha?”

Baba ya saci kallon Mama. “Ni? 'Yata, ko na ciwon kai sai an yi da gaske.”

“Ƙwarai kuwa,” na ce, don ba a barina a baya. “Baba ai ƙarfe ne.”

Mama tana gyara hannun jakarta.

Daga nan muka wuce kemis. Akwai kujera guda kusa da ƙofa da aka ware wa masu tari, Baba ya zauna a kai. Mai kemis ɗin wata mata ce mai fara'a, ba ta da sauri ko kaɗan. Ta ɗauko kwalin, ta nuna mana yadda ake sha safe da yamma, sannan ta dafa shi da hannu ta ƙi sakewa.

“Wannan maganin yana da kyau, amma ba ya son abokin zama,” ta ce. “Akwai waɗanda ba ya shiri da su ko kusa. Wasu na zuciya, wasu na rage kitse a jini, wasu na barci, da wani na ciwon gawut. Baba, ka tabbata babu ko ɗaya?”

“Babu,” in ji Baba, ya bi da tari mai tsawo.

Muka fito, muka shiga mota. Na tayar, na sa hannu a giyar motar, sai Mama ta ce daga baya, “Dakata.”

Na duba madubi. Tana riƙe da ledar maganin a cinya da hannu biyu, kamar an ba ta jaririn da ba nata ba. Baba yana gefena yana karanta allon wani shagon fenti da dukkan hankalinsa.

“Na manta ban yi wata tambaya ba,” ta ce. “Saƙon maƙwabcinmu ne.”

“Wane maƙwabci? Mama, na dama ai yaro ne ɗan ƙwallo, na hagu kuma tun bara babu kowa a gidan.”

“Kashe motar, Rediyo.”

Ta fita. Na zaci Baba zai zauna, sai na ga ya buɗe ƙofa shi ma, yana cewa zafin mota ya ishe shi. Muka koma a jere, ya sake zama a kujerar masu tari.

“Sannu da aiki, 'yata,” Mama ta ce wa mai kemis. “Muna da wani maƙwabci, dattijo ne, mutumin kirki, sai dai taurin kai. A ce shi ma wannan tarin ya kama shi, aka ba shi irin wannan maganin. A ce kuma yana da yatsa mai kumbura, wani abokinsa yana ba shi wasu 'yan ƙwayoyi. Me zai faru?”

Mai kemis ta dubi Mama, ta dubi Baba, ta dubi takalmin Baba. Ta jawo kujerarta ta zauna.

“Mama, kin san sunan ƙwayoyin?”

“Ina zan sani? Ban taɓa ganinsu ba.”

Can Baba ya yi gyaran murya, idonsa na kan silin. “In wanda nake zato ne, na ji kamar ya taɓa cewa kolcisin.”

Na buɗe baki zan tambaya a ina Baba ya san maganin mutumin da babu shi, sai na ji dunduniyar Mama a kan ƙafata. Ta taka ni da gaske.

Fara'ar mai kemis ta ragu. “To ku saurara da kyau, ku kai masa saƙon yadda na faɗa. Maganin nan biyu ne a kwali ɗaya. Ɗaya shi ke yaƙar cutar. Ɗayan, ritonabir, aikinsa ya tare hanta kada ta yi saurin fitar da na farkon daga jiki. Matsalar ita ce in ya tare ƙofa ba ya tambayar wane ne zai fita. Kolcisin ma sai ya maƙale. Ƙwaya ɗaya sai ta zauna a jini kamar an sha da yawa, shi kuwa kolcisin tsakanin maganinsa da gubarsa babu nisa.”

“Sai me?” in ji Mama.

“Amai da gudawa su fara, mutum ya zaci tarin ne ya zo da su. Daga nan gaɓoɓi su saki, jini ya lalace. In ƙodar mutum ko hantarsa ba ta da ƙarfi, ana rasa rai, Mama. Ba tsoratarwa nake yi ba.”

“Ai maƙwabcin nan ba kullum yake sha ba,” Baba ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. “Mutum ne mai lura.”

“Yaushe ya sha na ƙarshe?”

“Jiya da yamma. In ji shi.”

“Yau fa?”

Baba ya shafa gwiwa. “Yatsan ya fara yi masa magana tun da zazzaɓin nan ya zo. Ina jin yana da niyyar in ya koma gida ya haɗa biyu ya sha, don abin ya kwanta da wuri.”

A nan ne kaina ya waye. Da Mama ba ta ce in dakata ba, da yanzu mun kusa gida, ni ce ma zan kawo masa ruwan sha.

Mai kemis ta miƙe ta zagayo daga bayan kanta. Ta tsuguna a gaban Baba, ta yi magana a hankali. “Baba, sai na kira likitar da ta rubuta wannan kafin kowa ya sha komai. Amma ba zan iya kiranta a kan maƙwabci ba, maƙwabci bai ba da jini yau da safe ba. Kuma za ta tambaye ni halin da yatsan yake ciki, sai na gani da idona.”

Baba ya dubi takalminsa, ya dubi Mama. Na san abin da yake gani: benci, takardar nama, Kawu Mai Agogo yana rantsuwa shi ne ƙarami. Igiyar takalmi kawai ta rage tsakaninsa da rasa su duka, ga Gwamnati tsaye a kansa.

Mama ta gyara mayafinta. “Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi,” ta ce. “Ni dai sabulu ya ƙare mana a gida. Rediyo, zo ki taya ni zaɓa, na baro tabarau.”

Tabaran yana rataye a wuyanta. Ta juya wa Baba baya, ta ja ni har ƙarshen shagon, ta tsaya tana fuskantar kantar sabulu. Ta ɗauki ɗaya ta sansana ta cikin takunkumi, ta ajiye, ta ɗauki wani. A bayanmu na ji ƙarar igiyar takalmi, na ji numfashin da Baba ya ja da safa ta goge shi, na ji mai kemis ta ce, “Kai, Baba! Da wannan kake tafiya?”

Zan waiwaya Mama ta riƙe mini haɓa. “Ke ma ba ki gani ba. Ke in kin gani, gari ya gani.”

“Mama, ashe kin sani?” na ce da raɗa, irin raɗata da ake ji a titi.

“Wa ke wanke safar? Ta dama duk ta buɗe kamar bakin buhu.”

“To me ya hana ki magana?”

“In na gani, dole in cika maganata. In na cika, zaman bencin nan ya ƙare. Kin taɓa jin babanki yana dariya a wani wuri kamar yadda yake yi a can?” Ta juya sabulun tana duba bayansa kamar mai karatu. “Na dai je wurin mai naman tuntuni, na ce masa in ya sake sayar wa mijina hanta ko ƙoda, ni da shi ne. Kuma ya riƙa cika takardar da albasa.”

Dariya ta taso mini tare da hawaye, na rasa wadda zan fara saki.

“Ƙwayoyin ne ban yi wa lissafi ba,” ta ce. “Na ɗauka tunda likita ne ya rubuta wa kawunki, ai magani magani ne. Allah ya rufa asiri yarinyar nan ba ta da gaggawa.”

Can muka ji mai kemis ta tuntsire da dariya. Ashe ta ce wa Baba ya ba ta sauran ƙwayoyin, shi kuma ya ɗauki takalmin, ya zura yatsa a bayan harshensa, ya zaro ɗan ƙullin takarda. Aljihu ya ɗinka a wurin, har da ɗan maɓalli.

“Baba, tunda nake aikin nan ban taɓa karɓar magani daga cikin takalmi ba.”

“Fatar mai kyau ce,” in ji Baba, ransa ya ɗan sosu. “Ba ta ɗaukar gumi.”

Ta shiga ciki ta kira likitar. Muna jinta tana bayani, tana cewa “to” tana ƙarawa. Da ta fito, Baba ya riga ya mai da safa da takalmi, don haka Mama ta ga dama ta juyo, sabulu uku a hannunta waɗanda ba ma bukata.

“Alhamdu lillahi, gwajin ya nuna ƙoda da hanta lafiya,” mai kemis ta ce. “Likita ta faɗi lokacin da za a fara na tarin, na rubuta a jikin kwalin. Kolcisin kuwa ko sansana shi kada a yi, har a gama, har bayan an gama, sai ranar da ita da bakinta ta ce. Yatsan ta ba shi wani abu dabam. In aka ga amai ko gudawa ko kasala, asibiti kai tsaye. In tari ya tafi kuma, tana son ganin mai yatsan, ta ɗora shi a kan maganin da zai hana kumburin tun daga tushe.” Ta ɗan yi murmushi. “Ku gaya wa maƙwabcin.”

“Zai ji,” in ji Mama. “In kunne ya ji, jiki ya tsira.”

A mota Baba ya yi ta raha duk da zazzaɓin, har yana gyara mini tuƙi, shi da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Da muka kusa gida ya ce, shi fa wannan maƙwabcin ya ba shi tausayi, mutum da basira haka a ce ƙaramin yatsa ya sa shi a gaba.

“Babban yatsa,” Mama ta ce daga baya.

“Wa ya gaya miki?”

“Hasashe ne.”

Tarin bai sauka ƙirji ba. Cikin 'yan kwanaki Baba ya fara neman faɗa da labaran talabijin, muka san sauƙi ya samu. Mama ta aike ni wurin Kawu Mai Agogo da saƙo, wai in ce maƙwabcinmu ya gode da ɗawainiya, ya samu likitansa, gwangwani ya koma na batir kaɗai. Kawu ya ajiye agogon da ke hannunsa, ya yi salati, ya yi ta jinjina kai da na ba shi labarin ƙofar da ake tarewa. Ya ce shi ma in tarin ya zo kansa, da gwangwanin zai tafi asibiti. Sannan ya tambaya ko Gwamnati ta rufe benci, na ce benci na nan, ya sa hannu ya share ido wai ƙurar agogo ce.

Shi kuwa Baba, wata rana muna shan shayi, ya sanar da cewa shi hanta ta fita daga ransa, naman ma ɗan taɓawa zai riƙa yi, shekaru sun ja. Mama ta ce, “Yadda ka ga dama, Malam,” ta ƙara masa ruwan zafi.

Ranar da zai koma shago na zo da sassafe don in sauke shi. Mama tana kicin. Na tsuguna a bakin ƙofa ina goge masa takalmi, sai na ce bari in gani da idona. Na haɗa su tafi da tafi, ga shi nan kuwa, na dama ya ɗara na hagu. Ina murmushi na jawo na Mama da ke gefe, baƙaƙen da Baba ya ɗinka mata, waɗanda take zuwa ko'ina da su. Ban san abin da ya sa na haɗa su su ma ba.

Na hagu ya fi faɗi ta wajen ƙaramin yatsa. Na zura hannu ciki, na ji an shimfiɗa wata fata mai laushi kamar auduga a daidai dunduniya, a ƙafa ɗaya kawai. Na jawo tsofaffinta da ke ƙarƙashin kanta, su ma haka. Mama, wadda kullum take cewa ita ƙafarta ba ta san ciwo ba, wadda ke yi wa masu ɗingishi dariyar ragwanci, wadda ba ta yarda a ɗauke ta a mota zuwa kasuwa.

Na ɗago kai na ga Baba a kujerarsa yana kallona, safa a hannu. Bakina ya riga ya buɗe, maganar ta taho har maƙoshi.

“Rediyo,” ya ce a hankali, ya nuna kicin da haɓa. “Yau an ɗauke wuta.”

“Me kuke cewa?” Mama ta ɗaga murya daga ciki.

Na haɗiye, da ƙyar ta wuce. “Babu komai, Mama. Cewa na yi takalminki ya yi ƙura.”

Na goge nata ma, na ajiye su kusa da nasa.